Ɓauna da Aksil ɗin Tifa

Yayana Othniel ma'ajin kaya ne a wata ma'aikata a Jimeta, aikinsa raba tsintsiya da takarda. Amma in kun haɗu a unguwarmu ta Luggere, injiniya ne. Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya gyara fankar ɗakin Mama, wadda har yau sai an tunkuɗa ta da sanda take tashi. Ni ce ƙanwarsa Jemimah, malamar firamare, kuma duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

A tsakar gidanmu akwai motar da marigayi Babanmu ya bari. Wani Ba'amurke malamin gona da Baba ya yi wa direba ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Ja ce, ƙofa biyu, hancinta ya fi gadon Mama tsawo, injinta fulogi takwas. Baba yana kiranta Ɓauna. Shekara goma sha tara ta yi a kan bulo, kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai.

Mahaifiyarmu, Mama Liyatu, ta yi shekara shida ba ta gani saboda yanar ido. A farkon bana aka yi mata aiki, idanu suka buɗe tangaran. Sai ta sa ranar godiya a coci, Lahadi ta uku bayan Ista, ta tara mu ta ce abu ɗaya take so.

"A motar babanku aka kai ni coci ranar aurena," in ji ta. "A cikinta nake so in je in gode wa Allah. Ba na son motar kowa."

Ni dai na san wanda zai amsa. Kafin ta rufe baki Hamma Othniel ya bugi ƙirji.

"Mama, an gama. Minti uku za ki ga kanki a ƙofar coci. Ki dai ɗaura ɗankwali da kyau."

Gaskiya a faɗe ta, inji ya tashi. Amma Baba Ɗanburam ne ya tashe shi, tsohon makanikin unguwar Gwadabawa wanda ya san motar tun Baba na raye. Kwana goma yana fama, Hamma na riƙe masa tocila da rana tsaka yana ba shi shawarar da ba a tambaye shi ba. Ranar da Ɓauna ta yi kuka, tagogin maƙwabta sai da suka girgiza. Hamma ya fita ƙofar gida yana goge hannunsa da tsumma, ko da yake babu ɗigon baƙin mai a jikinsa, yana amsa barka.

Baba Ɗanburam ya kira shi gefe, ya nuna masa ƙarƙashin motar. Aksil shi ne ƙaton ƙarfen da ke kwance tsakanin tayoyin baya, shi ke karɓar ƙarfin inji ya juya su. Na Ɓauna haƙoransa sun zube tuntuni, shi ne ma ya kwantar da ita.

"Wannan inji ba abin wasa ba ne, Othniel. Sai aksil da zai ɗauki ƙarfinshi, faɗi ya zo daidai, haƙora su zo daidai. Akwai wani a Mubi, jikin tsohon motan Amurka. Ka ba ni sati biyu."

"Sati biyu? Baba, zamani ya wuce nan. Na kalli bidiyo goma sha ɗaya a kan aksil."

"Bidiyon ya taɓa ɗaure noti?"

"Ƙarfe ai ƙarfe ne. A Jimeta ma akwai shi."

"Akwai. Cokali ma ƙarfe ne."

Hamma ya ce daga nan shi zai karɓi aikin da kansa. Baba Ɗanburam bai yi musu ba. Ya tattara sifanoninsa a buhu, ya leƙa ya yi wa Mama sallama, ya hau babur ɗinsa.

A madadinsa Hamma ya ɗauko Nicodemus mai walda, mutumin kirki, wanda duk rayuwarsa ƙofa da taga yake yi. Suka samo aksil ɗin wata ƙaramar motar kai burodi, suka ɗaura. Ranar gwaji Hamma ya sa baƙin tabarau da safar hannu irin ta masu shara, ya sa aka buɗe ƙofar gida, ya taka mai har karnukan layi suka amsa. Yana sakin kuloci muka ji ƙwas. Motar ko taku ɗaya ba ta yi ba, amma tayar hagu ta fice ita kaɗai, ta bi ƙofa, ta miƙe layi a natse kamar an aike ta. Ba ta tsaya ba sai a cikin robar ƙullun Na'inna mai masa.

Na'inna da kanta ta gangaro da tayar, ƙullu har gira.

"Jemimah, ga baƙonku. Ya shigo bai yi sallama ba."

Kunya ta kusa kashe ni. Shi kuwa Hamma ya cire tabarau, ya duba karyayyen ƙarfen yana gyaɗa kai.

"Daidai. Abin da nake so in gani ke nan. Gwaji ne, Goggo Na'inna, yanzu na gano sirrin. Nauyi ake nema."

"To gobe ka gwada ta wancan layin," in ji ta.

Washegari ya ce za shi Yola, unguwar Makama, wurin Bappa Bakari, aminin Baba, wanda ya yi shekaru yana ɗebo yashi daga Binuwai kafin ya koma kiwo. Mama ta haɗa ni da shi in kai gaisuwa, ina jin kuma don in sa ido. A bayan gidan Bappa akwai wata matacciyar ƙaramar tifa, kabewa ta hau ta. Hamma ya sa aka janye ganyen, ya zagaya aksil ɗin sau uku. Ya mare shi da tafin hannu, ya auna kaurinsa da taƙi, ya kara kunne, ya gwada ɗaga gefe ɗaya har sai da bayansa ya yi ƙara.

Bappa Bakari yana zaune a tabarma yana kallo.

"Jam na, Othniel? Nan ba tiken shanu ba ne fa. Sa kake taya ko ƙarfe?"

"Bappa, shekara nawa wannan ya yi yana ɗaukar yashi?"

"Ashirin. Bai taɓa karye ba. Amma bai taɓa sauri ba kuma."

"Don bai gamu da inji ba ne. Ƙarfin doki ɗari uku zan ɗaura masa."

"To. Saboda Dada Liyatu, ɗauka, na ba ka. Amma in an tambaye ka, kar ka ce ni na ba ka shawara."

Ƙarti takwas suka ɗora shi a a-kori-kura, motar tana tafiya hanci sama har Jimeta. Da aka kara shi a jikin Ɓauna, sai ga shi ya zarce ta da taƙi ɗaya da rabi kowane gefe. Hamma ya ce haka motocin tsere suke. Nicodemus ya yanke gefen jikin motar don tayoyin tifa su samu wuri, ni ina tsaye ina jin kamar naman Baba ake yanka. Da aka auna ƙofar gida, aka ga motar ba za ta fita ba. Hamma ya aro guduma.

Mama ta leƙo daga ɗaki. "Me ake rushewa?"

"Ƙofa ake faɗaɗa miki, Mama, saboda baƙi."

"Baƙin nawa giwaye ne?"

Sauran kwana uku sai wata matsalar ta ɓullo. A tifa, sifirin ɗin da ke ɗauke da jikin mota a saman aksil yake zama, a Ɓauna kuwa a ƙasa, don haka mazaunan suka ƙi haɗuwa. Nicodemus ya ce a yanke su a sake walda, aikin kwana biyu ne. Hamma ya kwanta a ƙarƙashin motar na kusan rabin awa, har na zaci barci ya ɗauke shi, sai ya fito fuska na sheƙi.

"A kifa shi. Ciki ya koma sama, baya ya koma ƙasa, taya na dama ya koma hagu. Shi ke nan mazaunai sun haɗu. Ka ga bambancin mai ilimi?"

Nicodemus ya sosa ƙeya. "Oga, no veks, ni ƙofa na sani. Amma ƙofa ma in ka kifa shi, wani gefe yake buɗewa."

"Shi ya sa har yau kake kan ƙofa."

Aka kifa aksil, aka ɗaure. Da sauran lokacin da ya rage Hamma ya je kasuwa ya sayo wata ƙararrawa mai kiɗa, irin wadda ke tashi in an sa ribas, ya ce manyan motoci duk suna da ita.

Ran Asabar da la'asar aka yi gwaji, motar tana kan bulo, tayoyi a iska. Rabin Luggere ya taru. Bappa Bakari ma ya zo, ya kawo wa Mama zakara. Hamma ya sa giya ta ɗaya ya taka, manyan tayoyin suka kama juyawa, jama'a suka yi tafi. Bappa ya sunkuya, ya ƙanƙance ido.

"Othniel, ni kam kamar baya-baya yake juyawa."

"Bappa, ba ka kallon fim? In taya ya kai maƙura a gudu, ido gani yake kamar baya yake yi. Kimiyya ne."

Wani ya ce shi ma ya taɓa gani a talabijin. Wani ya ce fanka ma haka take. Bappa ya ce to, shi tsoho ne.

Na ce, "Hamma, a sauke ta ƙasa mana, ko zuwa bakin layi ne."

"Ba wanda zai ga tafiyarta sai Mama na ciki. Ke malamar firamare ce, ki tsaya a kan alli."

Na tsaya a kan allina, amma raina a ɓace.

Lahadi tun da safe gidanmu ya cika. A bayan mota, wajen bishiyar mangwaro, an kafa rumfa, an jera kujerun roba, mata suna dama ƙatuwar tukunyar kunun gyaɗa ta baƙin da za su biyo mu bayan coci. A ƙofar gida 'yan zumuntar mata sun jeru cikin ankonsu, da tulun kiɗa da kacau-kacau, za su yi wa Mama waƙa ta tashi sannan su bi a keke mai ƙafa uku. Mama ta fito cikin farin leshi da sabon tabarau. Ta shafa rufin motar, ta ɗan jima hannunta a wurin, sannan ta shiga gaba. Ni aka cusa ni a baya tare da zakaran Bappa da doya biyar na baikon coci.

Sai ga Baba Ɗanburam a kan babur, ya zo yi wa Mama barka. Ya ga tayoyin tifa, ya ga yankakken jiki. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Na ga ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba, bakinsa na motsi, amma Hamma ya riga ya tada inji, ba a jin ko tsawa. Baba Ɗanburam ya bar shi, ya ruga baya yana kora masu kunu da hularsa.

Hamma ya ɗaga wa zumuntar mata hannu, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci.

Ƙofar gida na ga tana nisa da mu. Muka kwashe ƙafar rumfa, muka bi ta kan kujeru suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, muka ɗauki akurkin kaji, muka ture tukunyar kunu, sannan muka daki bishiya. Mangwaro ya dinga zubowa a kan rufi. Zakara ya haye kaina.

"Hannuna ne ya zame," in ji Hamma. Ya gyara zama, ya duba giyar da kyau, ya sake sa ta ɗaya. Muka sake dukan bishiya. Ya ce wataƙila ta ɗaya ce ke da matsala, ya sa ta biyu. Sauran mangwaron da ya rage ya sauko.

Inji ya mutu. A ƙofar gida waƙa ma ta mutu, tulu kaɗai ya ƙara bugu biyu kafin mai shi ta farga. Kunu yana malala ta ƙarƙashinmu har bakin rijiya. Allah ya taimaka ba wanda ya ji ciwo.

Mama ta gyara tabarau, ta juyo a hankali.

"Othniel, cocin bayan gida aka mai da shi?"

 Hamma ya riƙe sitiyari, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayin Mama har hawaye suka cika mini ido. Na ce, "Mama, ki fito mu hau keke, an kusa shiga."

"Na ce a motar babanku," in ji ta. Ko motsi ba ta yi ba.

Baba Ɗanburam ya zo taga yana haki, ƙafarsa duk kunu.

"Ka kifa aksil, ko? To yanzu giya huɗu na baya ne, ɗaya na gaba. Tada shi ka sa ribas."

"Baba, a kimiyyance..."

"Sa ribas."

Hamma ya sa. Ƙararrawar kasuwa ta tashi da kiɗanta, fitilun baya suka kama, Ɓauna ta nufi gaba. Muka fita ta faffaɗar ƙofa, kaza ɗaya tana tsaye a kan but ɗin baya.

Sai dai haƙoran aksil ɗin tifa na jan kaya ne, ribas kuma dama ba giyar gudu ba ce. Inji yana ruri kamar zai tsaga gari, motar kuwa tana rarrafe. Wani tsoho mai sanda ya wuce mu, ya juyo ya gaida Mama, ya ci gaba. 'Yan zumunta suka dubi juna, suka sallami masu keke, suka kewaye mu da ƙafa. Mai ba da waƙa ta saurari ƙararrawar ta ɗan lokaci, ta ɗora waƙarta a kai, tulu ya shiga. Baba Ɗanburam ya bar babur ɗinsa yana tafe a gefen taga da sifana a hannu, don hannun Hamma sai kai kansa yake wajen giya.

"Ka taɓa shi in fasa maka yatsa," yake cewa a hankali, yana murmushi ga jama'a.

Da muka hau babban titi abin ya zama kallo. Masu shaguna suka fito, masu keke suka jeru a bayanmu suna ham, wani ya leƙo ya tambaya ko gawa ce. Sau biyu inji ya yi zafi, masu garuwa suka shayar da shi. Ganin taro ya sa Hamma ya fara farfaɗowa. Ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya mayar da tabarau.

"Da gangan ne," yake gaya wa mutane. "Tafiyar girmamawa ke nan. A Amurka haka ake yi wa manya."

Daidai nan Na'inna ta iso da tiren masa a ka, ta jera da tagarsa, ta ɗan rage tafiya don kar ta wuce shi.

"Injiniya, in akwai saƙo ka ba ni in kai coci, in ce kuna hanya."

Titi ya ɗauki dariya. Hamma ya janye gwiwarsa ciki.

Ita kuwa Mama ba ta ma san ana yi ba. Kanta na waje, tana karanta allunan shaguna da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ashe an sare ɗorawar nan. Ta ce wannan benen yaushe aka yi shi. Ta gane wata mai tumatir da ta sani tana goyo, yanzu ga furfura, suka riƙe hannu ta taga suna tafe suna hira. Da Hamma ya ɗan ƙara mai don ya tsere wa Na'inna, Mama ta dafa hannunsa ta ce, "Kar ka yi sauri."

Tafiyar minti uku ta ci mana minti hamsin. Mun isa an gama wa'azi. Ba sai an sanar da zuwanmu ba, ƙararrawa da ruri sun riga mu, rabin coci na tagogi. Baba Ɗanburam da Bappa Bakari, wanda shi ma ya biyo ayarin, suka tsaya a inuwar bakin ƙofa, mu muka shiga, da gashin kaza a ɗankwalina.

Da aka kira Mama gaba, ta karɓi makirufo ta tsaya cak.

"Jama'a, shekara shida ban ga Jimeta ba. Yau na gan ta gida-gida, ba abin da ya wuce ni. A motar maigidana na zo, kamar yadda na roƙa. Da ta yi irin gudun da yake yi da ita, da ban ga komai ba."

Aka ce amin. Hamma ya fara miƙewa daga kujera yana gyara kwala, hannu ɗaya ya riga ya tashi.

"Zauna, ban gama ba," in ji Mama. "Abu na biyu, na gode wa Allah da ya buɗe idona kafin yau. Shekara shida ina jin ana cewa ɗana injiniya ne, ina cewa amin a cikin duhu. Da labarin safiyar nan aka ba ni, da na ce sharri ake masa."

Fasto ya juya baya yana tari. Limamin waƙa ya kifa kai a kan ganga. Hamma ya nutse a kujera har ban ga wuyansa ba.

Mama ta jira dariyar ta lafa, ta miƙa hannu.

"Othniel, kawo makullin."

Ya taso ya bi tsakiyar coci, kowa na kallonsa, ya ajiye mata a tafin hannu. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ƙulli biyu. Ya juya zai koma, sai ta kamo hannun rigarsa.

"Ina za ka? Zo ka riƙe ni mu yi rawar godiya. Ko ta yaya dai, kai ka kawo ni."